Yadda mai aikin kansa zai yanka farashi daga lissafin gidansa

Mai aikin kansa, ko mai zane ne, ko mai fassara, ko mai gyaran kwamfuta, ba shi da albashin da zai jira a ƙarshen wata, saboda haka farashin da ya yanka wa aikinsa shi ne abin da gidansa zai ci. Da yawa sukan duba abin da wasu ke karɓa su kwaikwaya, alhali bukatun gidaje ba ɗaya ba ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a faro lissafin daga gida, sannan a gangaro zuwa farashi. Alkaluman da ke tafe misali ne kawai, a ɗauke su a kowane irin kuɗi ake mu'amala da shi.

Da farko ka rubuta abin da gida ke ci a wata: cefane, haya, wuta, kuɗin mota, kuɗin makaranta da magani. Abin da ake biya sau ɗaya a shekara sai ka raba shi gida 12. Wanda ake kashewa mako-mako kuwa, a nan ne ake yawan tafka kuskure, domin mutane sun saba ɗaukar wata a matsayin mako huɗu. Shekara mako 52 ce, idan aka raba ta gida 12 kowane wata zai tashi da mako 4.33. Mai cefanen 15,000 a mako zai zaci 60,000 yake kashewa a wata, amma idan ya ninka 15,000 sau 52 ya raba gida 12 zai ga 65,000 ne. Wannan 5,000 da ke sulalewa ba a sani ba takan kai 60,000 a shekara, wato cefanen mako huɗu cur da bai shiga littafi ba.

Mu ce jimillar ta tsaya a 200,000 a wata, wato 2,400,000 a shekara. Ka ɗora abin da sana'ar kanta ke ci, kamar data, gyaran kayan aiki da sabunta manhaja, a ce 360,000 a shekara. Abin da ya wajaba ya shigo hannunka ya zama 2,760,000.

Saura ka san awa nawa za ka raba wannan adadi a kai. Ma'aikacin da ke yin awa 40 a mako yana da awa 2,080 a shekara, amma babban kuskure ne mai aikin kansa ya ari wannan lissafi, domin ba kowace awa ake biyansa ba. Lokacin da ya ɓata yana neman aiki, yana amsa saƙonni, yana rubuta takardar neman biya, ko yana bin wanda ya riƙe masa kuɗi, babu mai ba shi ko sisi a kai. Ka cire mako shida na hutu, rashin lafiya da ranakun da kasuwa ta yi sanyi, saura 46. Idan awa 25 ce ake biyanka a mako, kana da awa 1,150. Raba 2,760,000 da 1,150 zai ba ka 2,400 a kowace awa. Da ka yi amfani da 2,080, da 1,327 za ka samu, ka yi ta aiki ba dare ba rana kana mamakin inda kuɗin ke shiga. Daga nan yanka farashin kowane aiki ya zo da sauƙi: aikin da ka kintata zai ci awa 30 kuɗinsa 72,000 ne, kuma ina ganin ya kamata ka ƙara awa uku ko huɗu saboda gyare-gyaren da wanda ya ba ka aikin ba ya rasa dawowa da su.

Sai batun la'ada, wanda ya fi kowanne yaudarar ido. A ce kana son 100,000 ta shigo hannunka, shafin intanet da ya haɗa ka da wanda ya ba ka aikin kuma yana cire kashi 20 cikin 100. Abin da zai fara zo maka shi ne ka ƙara kashi 20 ka nemi 120,000. To amma shafin daga 120,000 zai cire rabonsa, wato 24,000, ka tashi da 96,000. Daidai shi ne ka raba abin da kake so da kason da zai rage maka: 100,000 a raba da 0.8, ya ba da 125,000, wanda idan aka cire 25,000 ya bar maka 100,000 cif. Haka ake yi wa harajin da ake cirewa tun kafin kuɗi su iso gare ka. Idan kashi 10 ne, sai a raba da 0.9.

Da yake kuɗin shiga ba sa zuwa daidai kowane wata, kada ka gina kasafin gida a kan watan da ka fi samu. Ka duba wata shida da suka wuce, ka ɗauki mafi ƙanƙanta a matsayin albashin da za ka riƙa biyan kanka, rarar watannin samu kuma ka ajiye ta a asusu na daban har ta kai kuɗin gida na wata uku, wato 600,000 a misalinmu.