Babi na Shida: Fara da Gyare a Gonakinmu

Darasi na 1: Raba shafi

Iyayena da 'yan uwana, kowa ya buɗe sabon shafi. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku ke nan. A kan gidan farko ku rubuta WURI, na biyu IRI, na uku YAWA. Ko layin ya karkace ba komai, hannu zai saba.

Da sassafe fara ba ta da kuzarin tashi, lokacin za ku fita. Wuri uku za ku je: gonar gero zalla, gonar da aka haɗa gero da wake, sai gefen gona inda aka bar gamba da sauran ciyawa. A kowanne ku yi taku 50 a hankali, ido a ƙasa.

Darasi na 2: Iri daban, yawa daban

Nan ake tuntuɓe, don haka mu tafi sannu. Idan ka ga fara 10 duk kamarsu ɗaya, a gidan IRI rubuta 1, a gidan YAWA rubuta 10. Iri 1, yawa 10. Karanta da ƙarfi.

To, ka ga babe guda, ga farar tumfafiya guda mai ɗigo-ɗigo, ga ƙaramar fara mai launin ƙasa guda 8. Iri nawa? 3. Yawa nawa? 10. Madalla. Yawan bai canja ba, irin ne ya canja.

Ɗango fa? Ɗan fara ne da fuka-fukinsa bai gama fitowa ba. Ba sabon iri ba ne, a gidan YAWA yake shiga. Na sake faɗa, ɗango a gidan YAWA.

Haba jama'a! Kullum sai wani ya kawo littafi da 40 a gidan IRI. Wace gona ce taku 50 za ta nuna maka iri 40? Goge, ka sake. Iri shi ne kama, yawa shi ne ƙidaya.

Darasi na 3: Abin da shafin ke nunawa

Galibi gefen gona ya fi tara iri, domin kowace fara da ciyawar da take so. Yawancinsu ba ruwansu da hatsinka. Gona zalla kuwa iri kaɗan take riƙewa, amma wanda ya zauna yana iya yin yawa. Ƙaramar farar da ke cin gero tana binne ƙwai a ƙasa mai yashi ƙarshen damina, ƙwan ya kwana duk rani, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko. Irinta ta yi ɓarna sosai a ƙasashen Sahel a 1986. Huɗa kan tono ƙwan, rana da tsuntsaye su gama da shi.

Masu feshi da ganin fara guda, ku ji. Maganin ba ya zaɓe, yana kashe har ƙwarin da ke cin ƙwan fara, kuma shamuwa da balbela da zabinku suna tsintar gawar. Farar da aka yi wa feshi ba a soyawa, ba a kai ta kasuwa.

Darasi na 4: Gyare

Gyare da dare yake fita, da rana yana rami. Babbansa kan datse shuka tana ƙarama. Ku ƙirga ramuka a wuraren nan uku, ku rubuta a gidan YAWA. A kawo littafi ranar aji mai zuwa.