Yadda ake tono tarihin girgizar ƙasa a tsakiyar nahiya

Ɗalibin da ya koyi wannan aiki a kan tsagin San Andireyas na Kalifoniya (tsagi shi ne karayar da ke cikin duwatsun ƙasa, inda girgiza ke tasowa) yakan ruɗe idan aka kai shi tsakiyar nahiya. A gaɓar farantan ƙasa, wato inda manyan ɓangarorin ɓawon duniya ke haɗuwa kamar a Kalifoniya, girgiza tana dawowa bayan 'yan ɗaruruwan shekaru, alamarta kuma a fili take. A ciki kuwa, tsagi zai iya kwanciya shekara dubu goma ko fiye, ruwan sama da iska su share sawunsa. A Tennant Creek da ke Ostireliya, girgiza uku masu ƙarfi suka auku rana ɗaya a 1988, a yankin da ake ganin ƙasarsa ba ta motsi.

Na farko, zaɓen wuri. Kada ka taɓa fartanya sai ka duba taswirar LiDAR, wadda ake auna tudu da kwarin ƙasa da hasken leza, domin tudun da tsagi ya bari sau da yawa bai wuce tsayin gwiwa ba, ciyawa kuma ta rufe shi. Ka nemi gindin tudun, inda laka da yashi ke taruwa hawa-hawa. Saman tudu inda zaizaya ke kwashe ƙasa ba zai ba ka komai ba.

Na biyu, haƙa. Ramin ya ratsa tsagin a gicciye, zurfin mita 2 zuwa 3. Kuɗin hayar katafila da rana ake lissafa shi, saboda haka ka kafa turaku ka gama awo kafin ta iso. Bangon da ya wuce ƙirjinka, a tokare shi ko a yanka shi mataki-mataki, ba a sassauci a nan.

Na uku, gyaran bango. Haƙoran katafila suna dama ƙasa, sai ka kankare bangon da cokalin magini daga sama zuwa ƙasa, ka ja igiyoyi mita ɗaya-ɗaya, ka soka ƙusoshi masu launi a iyakar kowane hawa. Ni da sassafe ko da yamma kawai nake zana bango, hasken tsakar rana yana ɓoye bambancin launi. Abin da kake nema shi ne inda tsagin ya yanka hawa na ƙasa ya tsaya, wani hawa ya shimfiɗu a kansa bai karye ba. Tsakanin su biyun nan girgizar ta auku.

Na huɗu, ɗaukar samfur, kuma a nan yawancin sababbin hannu ke faɗuwa. Sun ga gawayi, sai murna, domin da shi ake gwajin kabon-14 mai nuna shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Gawayin da ruwa ya kwaso daga wani wuri zai iya girmar hawan da yake ciki da ɗaruruwan shekaru. Wanda gara ko ɓera suka ja cikin raminsu kuma zai ba ka shekaru ƙanana. Na taɓa aika irin wannan gawayi zuwa ɗakin gwaji, sakamako ya nuna girgizar ba ta daɗe ba, sai da na koma kan hotunan bango na ga tsohon ramin ɓera da ƙasa ta cike. Kuɗin gwajin ya tafi, wata shida na jira su ma sun tafi. Tun daga nan ba na ɗaukar gawayi sai na bi hawan hagu da dama na tabbatar babu abin da ya huda shi, kuma iri ko ganye sun fi mini guntun itace. Ka ɗauka sama da layin girgizar, ka ɗauka ƙasa da shi, uku-uku aƙalla.

Ka tuna kabon-14 ba ya wuce kimanin shekara 50,000, tarihin girgizar tsagin tsakiyar nahiya kuwa yakan wuce haka. Sai gwajin hasken yashi, wanda ke nuna ranar ƙarshe da ƙwayar yashi ta ga rana. Ka buga bututun ƙarfe cikin bango, ka toshe bakinsa biyu nan take. Haske ya shiga, samfurin ya lalace.

Inda tsagin bai fito sarari ba, ka bi yashin da girgiza ta feso daga ƙarƙashi. Da shi aka gano cewa yankin New Madrid na Amurka ya girgiza wajen shekarar 900 da 1450, kafin girgizar 1811 da 1812. Sauran aikin, ka jera shekarun, ka rubuta tazara maimakon shekara guda, ka ɗauki hoton bango duka, sannan ka mayar da ƙasar ramin kafin ruwan sama ya sauka.