Daidaita Mazaunin Inji da Tsayin Farfela a Jirgin Ruwa Mai Gudu

Kafin ka ciro tsohon inji, aza miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgin ya wuce bangon baya, ka auna zurfin sandar farfela daga nan. Ka kuma auna daga ƙasan jirgi zuwa tsakiyar karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji; wannan shi ne ma'aunin X. A ƙafar Bravo One (ƙafa ita ce na'urar da ke maƙale a bangon baya tana kai ƙarfin inji zuwa farfela, Bravo One kuma samfurinta ne), tsakanin karanshaf da sandar farfela kusan inci 21.8 ne, don haka X na inci 17 zai bar sandar farfela kusan inci 5 ƙarƙashin jirgi.

Idan farfela ta nutse da yawa, ruwa zai riƙe ƙafar, gudu ya ragu. Idan ta yi sama fiye da kima, za ta riƙa sulɓewa, jirgi ya sha wuyar tashi, matsin ruwan sanyaya ya faɗi, inji ya yi zafi. Gara ka huda ramin da ƙafar ke shiga a bangon baya a ɗan sama, domin ana iya sauke ƙafar da rabin inci ta hanyar sa faranti tsakanin ɓangarenta na sama da na ƙasa, amma ɗaga ta yakan buƙaci a toshe ramin a sake hudawa.

Sabon inji mai nauyi yana ja da nauyin jirgi baya, goshin jirgi ya dinga tsalle. Don gyara wannan, matsar da batura gaba. Kada ka ɗaure kusoshin mazauni sai sandar saiti, wadda ake gwada daidaiton inji da ita, ta shige kofulin, wato mahaɗin inji da ƙafa, da hannu ba tare da ta cije ba.