Kurakuran masu ban ruwa da ke sa ƙasa ta lotsa

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk sabon ma'aikacin da aka kawo mana gona a nan kwarin San Joaquin na Kalifoniya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Babban kuskuren shi ne, da ruwan rijiya ya ja baya sai a ce a ƙara zurfi. Ni ma na yi, na kuma ji a jikina. A farin 2012 zuwa 2016 ruwan kanal, wato babbar magudanar da ke kawo wa gonaki ruwa, ya yanke mana, burtsatsen gonar da nake kula da ita ya fara zuƙo iska. Na matsa wa maigida lamba muka haƙa sabo, muka huda shimfiɗar yumɓun nan da ake kira yumɓun Corcoran, muka shiga ruwan da ke ƙarƙashinsa. Ruwa ya yi ta bulbulowa, ni kuma baki har kunne. Ashe ruwan da ke matse a can ƙasa shi ke tallafe da nauyin abin da ke samansa. Kana zuƙe shi, yumɓun na danƙarewa kamar daɓen ɗaki, ƙasar da ke sama kuma ta sauka. Yashi yakan sake shan ruwa a shekara mai albarka, yumɓu kuwa in ya danƙare, shi ke nan. Ba a daɗe ba famfo ya fara aman yashi. Aka zura kyamara, sai ga bututun ƙarfe ya lauye kamar gwangwanin madarar da mota ta taka. Famfon ma bai ciru ba. Maigida bai kore ni ba, amma wata guda cur da ka yake amsa gaisuwata.

Sai masu cewa "ai ni ban ga rami ba". Wane rami, malam? Yankin ne gaba ɗaya ke sauka a hankali, da kai da gidanka da titin. A 1977 wani masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, Joseph Poland, ya tsaya jikin wani turken lantarki kusa da garin Mendota, da alamar inda ƙasa take a 1925 can sama da kansa, tazarar kusan mita 9. A 2015 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta auna wuraren da ke sauka kusan santimita 5 a wata kusa da garin Corcoran. Kanal ɗin Friant-Kern ya lotsa har wani sashensa ya rasa fiye da rabin ruwan da yake iya ɗauka. Ka je ka dubi bakin rijiyarka: in daɓen siminti ya rabu da ƙasa, bututu ya yi kamar yana tsirowa, ba shi ya tashi ba. Ni jan fenti nake shafa wa bututun daidai ƙasa, sannan kowace Juma'a da asuba, kafin a tada famfo, in auna zurfin ruwa in rubuta a littafi. Abokan aiki na ce mini mai tsegumin rijiya. Su yi ta faɗa.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Kada ka dasa itatuwan almon kana dogaro da rijiya kaɗai, auduga ana iya hutar da ita shekarar fari, itace ba ya jira. Tiyo mai yoyo a gyara shi yau. Dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Kalifoniya ta 2014 kuma ba wasa ba ce, ka sa mitar auna ruwa a rijiyarka tun kafin hukuma ta zo. In ambaliya ta zo irin ta 2023, da tafkin Tulare da ya ƙafe ya dawo, buɗe wa ruwan gonarka mai yashi ya kwanta ya nutse. Maƙwabcina ya ƙi, wai zai ɓata masa hanyar tarakta.