In kwamfuta ta ƙi ganin filash ɗinku

Jama'a don Allah ku daina saurin yin fomat (wato goge duk abin da ke cikin filash), sau da yawa filash ɗin lafiyarsa ƙalau, direban USB na Windows (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane filash) ne ya rikice. Ku fara gwada shi a wata kwamfutar, in ya buɗe to matsalar daga taku ce. Ku danna Windows da X ku shiga Device Manager, ku sauka wajen Universal Serial Bus controllers, duk wanda kuka ga da alamar ruwan ɗorawa, musamman mai lambar matsala Code 43, ku yi masa Uninstall device sannan ku zare filash ɗin ku sake kunna kwamfutar, da kanta za ta mayar da direban. In kuma filash ɗin ya fito a Disk Management (wurin da Windows ke nuna duk ma'ajiyar da ke jone da kwamfuta) amma babu harafin da ake gane shi da shi, irin su E: ko F:, harafin kawai za ku ba shi.