Darasi na 7: Yadda Mai Barin Shaye-shaye Zai Tsara Burinsa

Ranar da mutum ya yanke shawarar barin ƙwaya ko wiwi ko kodin, bakinsa cike yake da alkawura. Zai durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, na daina har abada. Zan koma sana'a, zan biya duk bashin da ake bina, kafin babbar Sallah ma zan yi aure." Niyyar mai kyau ce, Allah ya cika. Amma cikin waɗannan babu ɗaya da zai iya cewa ya cika kafin ya kwanta yau. Mako biyu su wuce, babu kuɗi, babu maganar aure, sai gwiwa ta yi sanyi, tsohuwar majalisa kuma tana nan inda ya bar ta.

A wannan darasi za mu koyi rubuta irin burin da mutum zai duba da dare ya ce "na yi" ko "ban yi ba".

Kada kunya ta hana kowa magana a aji. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu mai sa maye, ban da giya da taba, cikin shekara guda. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Don haka darasin na maza ne da mata.

Burin farko: ganin likita

Kafin sana'a, kafin aure, jiki ne a gaba. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko kodin, in ya tsaya zai iya fuskantar zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da faɗuwar gaba. Wannan ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba. Jiki ne ke neman abin da ya saba da shi, kuma yana wucewa. Sai dai mai shan giya kullum, ko mai shan ƙwayoyin barci irin su rochi da diazepam, kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai a ɗaki. Hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Ofisoshin hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma suna da masu ba da shawara. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace. Gidan mari kuwa, inda ake ɗaure mutum da sarƙa ana duka, ba ya cire wa kowa sha'awar ƙwaya.

To ka rubuta: "Ranar Litinin da safe zan je asibiti, yayana zai raka ni." Ka lura, akwai rana, akwai lokaci, akwai mutum.

Ƙanƙanta burin

"Zan gyara halina" magana ce mai daɗi, amma ba ta da hannun kamawa. Gwada "Yau zan yi sallar Asuba a masallaci", ko "Yau zan isa shagon ɗinki kafin ƙarfe tara." Buri uku a mako sun isa. Wanda ya rubuta goma, a ganina, ya shirya wa kansa faɗuwa ne, don in ya kasa biyu zai ce duk aikin ya lalace. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka san lokacin da sha'awar ke taso maka. Ɗauki mai tuƙa a-daidaita-sahu. Da rana aiki ya sha masa kai, babu matsala. Amma da ya kai wa mai keke balas bayan Magariba, ga sauran canji a aljihu, ga gajiya, ga hanyar gida da ta bi ta gaban shagon da ya saba saye, nan ne wajen. Burinsa sai ya tsaya kan wannan sa'ar: ya canza hanya ko da ta fi nisa, ya miƙa wa matarsa kuɗin kafin ya zauna, ya ci abinci, don yunwa na ƙara wutar sha'awa. Ita sha'awar takan taso da ƙarfi, sannan ta lafa in ba a biye mata ba. Ka riga ka shirya abin da za ka yi a wannan tsakani: wanka, alwala, shara, ko kiran wanda ka amince da shi. Lambobin dillalai kuma a goge su daga waya tun yau.

Lissafin kuɗi

A ce mutum yana kashe naira 1,500 kullum a kan shaye-shaye. A kwana 7 ya zama 10,500. A kwana 30 ya zama 45,000. Kada kuɗin nan su kwana a aljihunka. Zuba su a adashi ko ka ba amintacce ajiya, ka kuma sa musu suna: na buhun gawayi ne, na kuɗin makarantar yarinya ne, ko na rage bashin mai shago. Bashi ma a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a fara da ƙarami.

In an yi tuntuɓe

Mutane da yawa kan koma sau ɗaya ko fiye kafin su tsaya da ƙafarsu. In hakan ta faru, kada ka yaga takardarka. Ka gaya wa mai taimaka maka a ranar, ku duba tare: ina kake, da wa, me ya ɓata maka rai? Sannan ku gyara burin makon. Akwai kuma gargaɗi: bayan mutum ya yi kwanaki bai sha ba, jikinsa ba ya ɗaukar yawan da ya saba sha a da. Komawa ga tsohon adadi na tiramol ko kodin na iya tsayar da numfashi.

Iyaye da mata da 'yan'uwa, gori ba ya taimakawa. Ku tambaye shi burin yau, ku bar tone-tonen bara.

Aikin yi

1. Ja layi 7 a littafinka, ka rubuta ranakun mako daga Asabar zuwa Juma'a.
2. Rubuta buri uku na wannan makon, kowanne da rana da lokacinsa.
3. Wane lokaci ne sha'awa ta fi damun ka? Me za ka yi a lokacin?
4. Lissafa abin da kake kashewa a rana, ka ninka sau 7.
5. Rubuta sunan mutum ɗaya da za ka nuna wa takardar kowace Juma'a.

Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya sa alamar maki a ranar da ya cika burinsa, malami zai taya shi rubuta sauran.