Yadda za ka cire wa karenka kaska

Da damina ta kankama a Daura, duk karen da ya shiga ciyawa sai ya dawo da kaska. Ga yadda nake yi wa nawa.

Da farko ka sa masa takunkumi, wani ya riƙe maka shi, ko da kuwa karen gida ne mai sanyin hali.

Sannan ka laluba cikin kunne, wuya, hammata da tsakanin yatsu. Nan suke maƙalewa, wata ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar wake.

Ka kama ta da matsefata daf da fata, ka ja a miƙe a hankali. Kada ka murɗa, don kada kanta ya tsinke a cikin fata, kada kuma ka matse cikinta. Baƙin man mota da wasu ke shafawa kuwa, ka rabu da shi. Na taɓa gwadawa, karen ya lashe, ya kwana yana amai.

Ka jefa kaskar cikin kananzir, ka wanke wurin da sabulu, kai ma ka wanke hannu. Ka share makwancinsa, ka duba tsagogin bango.

In ya ƙi abinci ko dasashinsa ya yi fari, kai shi wurin likitan dabbobi.